Turkar Suma'ila

Duk unguwar Zango an san Inna Hajara, mahaifiyata, da turkar rago. Ta ɗaure shi a turke da damina yana ƙashi da fata, kafin layya mahauta na rige-rige a ƙofar gidanmu. Farin da aka yi a shekarar tamanin da huɗu ne ya karya mata sana'a. Harawa ta ɓace, dusa kuwa mutane suka koma cinta, turken ya zauna wayam.

A shekarar ne Suma'ila, ɗan wan Inna da ke zaune a wurinmu don karatun lekol, ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, gwamnati ta zaɓe shi ya tafi Rasha karatun haƙo ruwa. Taubashina ne, don haka na gaya masa gaskiya: mutumin da bai taɓa cika mana randa ba, shi zai shayar da Damagaram? Amma a raina na yi murna har na rasa inda zan sa kaina.

Fasfo ya fito, hoto ya fito. Abin da ya rage biza, ita kuma ofishin jakadancin da ke Yamai ya ce sai da takardar lafiya. Suma'ila ya tafi asibiti yana taƙama, ya dawo jikinsa a sanyaye. Hutun da ya yi a Tirmini wurin iyayensa, inda yunwa ta sa ake cin 'ya'yan anza masu ɗaci, ya zuge shi. Lokotoro, wato likita, ya ɗora shi a sikeli ya ce ba zai sa hannu a tura shi ƙasar ƙanƙara a haka ba. Ya ba shi zuwa ƙarshen wata mai kamawa, in bai ƙara kilo huɗu ba, gurbin ya wuce ga wani.

Inna ta gama saurare. Sai ta tashi ta zagaya bayansa, ta danna ƙugunsa da yatsu kamar tana taya rago a kasuwar Dole.

"Ƙashin mai kyau ne," ta ce. "Zai ɗauka." Ta juyo wurina. "Wasila, share mini rumfar raguna."

"Gwaggo, ni fa mai bak ne!"

"Rago ma da ƙahonsa yake zuwa, ɗana. Zauna."

Dokar turka ɗaya ce, abin da aka turke ba ya yawo. Aka karɓe keken Suma'ila aka rataye, aka hana shi ƙwallo, aka hana shi zuwa fadar shayi. Masallaci kawai, shi ma na bakin lungu. Ci kuwa kaɗan-kaɗan, amma ba tsayawa: kunun jar dawar taimako da ɗan kanwa, ƙuli-ƙuli, soyayyar fara, sannan barci. Ni aka naɗa makiyayiya, kuma Allah ya sani ban yi masa da sauƙi ba. Duk safiya sai na leƙa rumfar in tambaye shi ko a ƙaro harawa.

Labari ya zaga unguwa. A shekarar da kowa ke rufe tukunyarsa, sai ga kwanoni na shigowa. Bintu mai ƙosai ta riƙa aiko na ƙarshen kasko. Malam Ari mahauci ya kawo ƙashi yana cewa a ba ragon Hajara. Tsofaffi kan zo su danna bayansa su yi gardama, wannan ya ce ya soma, wancan ya ce da saura. Suma'ila ya yi fushi, ya gaji, ya koma dariya. Na daɗe ban ji gidanmu da daɗi irin na lokacin ba. Inna kuwa in an zauna cin abinci sai ta ce ta ci a madafa.

Ranar awo muka raka shi mu biyu. A ƙofar asibiti Inna ta sake danna ƙugunsa.

"Ya yi," ta ce. "Har da ɗori."

Sikeli bai ƙaryata ta ba. Lokotoro ya duba allurar sikelin, ya dubi Suma'ila, ya tambayi wane magani ya sha. Da aka gaya masa ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya sa hannu. Ba a jima ba biza ta iso daga Yamai, Bintu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar titi.

Rabin unguwa ne ya raka shi tasha. Ya shiga mota ya zauna bakin taga, kumatu sun fito. Inna ta ɗaga hannu tana yi masa addu'a, tana sauke shi sai munduwarta ta azurfa ta zame ta faɗi ƙasa. Tun aurenta take hannunta, mun sha gwada cire ta da sabulu ta ƙi. Suma'ila ya dubi munduwar, ya dubi hannun da ya koma kamar kara. Ni ma sai a lokacin na gani, kunya da tausayi suka rufe ni. Ya buɗe baki, hawaye suka riga maganar.

"Kai, kar ka zubar mini da kilo!" Inna ta daka masa tsawa tana dariya. Ta ɗauki munduwar ta busa ƙasar, ta tura masa ta taga. "Riƙe. Ran da ka haƙa rijiya a Tirmini ka maido mini, kafin nan na cika ta."