Ƙofar Sanyi

Duk ranar Asabar baƙi daga Sydney sukan ajiye motocinsu a kan uwata. Ba su sani ba, don haka ban riƙe su a zuci ba. Su dai an ce musu in sun zo garin Orange su hau dutsen Canobolas, su ci abinci a bakin tafki, su tsinki 'ya'yan itacen ceri da hannunsu, sannan su ƙare a gonar inabin Warwick Trethowan su ɗanɗana giya. Warwick ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne na riƙe.

Da Baba ya rasu aka raba gonarmu biyu. Warwick ya sami tudu, ni Noelene na sami gangare har zuwa rafi. A kan tudun akwai wata tsohuwar bishiyar tuffa, karkatacciya, 'ya'yanta tsami kamar me. A gindinta muka zuba tokar Mama bayan an ƙona gawarta, domin haka ta bar wasiyya. Warwick ya tumɓuke tuffar Baba ya dasa inabi, ban ce uffan ba, gonarsa ce. Ya gina ɗakin gilashi inda baƙi ke cusa hanci cikin kofi suna lumshe ido, nan ma na ja bakina na yi shiru, musamman da ya bar bishiyar Mama a tsaye. Sai bara na kwanta asibiti aka yi mini aikin gwiwa. Na dawo ina dogara sanda, na tarar katafila ta baje wurin, an zuba farar tsakuwa, an kafa allo mai hoton mota.

"Nol, manyan motocin baƙi ba su da wurin juyawa," in ji Warwick, ko kunyar ido babu. "Itacen ma ya riga ya ruɓe ta ciki."

"Mama fa?"

"Haba dai. Mama tana cikin zuciyarmu, ba a gindin itace ba."

Ya ɗauko kwalbar giyarsa mafi tsada ya miƙo mini, wai na huce. Na karɓa, na kai gida, na tuttular da ita a kwata. Tun daga ranar na daina yi masa faɗa, shi kuwa gogan ya ɗauka na haƙura.

Ko yaron goye a nan ya san sanyi gangarowa yake yi kamar ruwa. In gari ya yi garau iska ta kwanta, sanyin asuba sai ya silalo daga dutse ya bi gangare, duk inda aka tare shi nan zai taru ya daskarar da raɓa, ya ƙone duk wani sabon toho. Tsakanin gangarena da tudun Warwick akwai shingen itatuwa masu duhu da kakanmu ya dasa don tare iska, amma ya bar kafa a tsakiya, faɗinta ya ishi mota biyu su wuce. Ƙofar sanyi muke ce mata. Ta nan sanyin tudu ke fita ya bi wani fili da ba a shuka komai, ya faɗa rafi. A garin nan maƙwabta sukan kai juna kotu, sukan shekara ba sa gaisawa, amma ban taɓa jin wanda ya toshe wa wani ƙofar sanyi ba. Shingen da kafar duka a cikin rabona suka faɗo.

Na jira har watan Oktoba, lokacin da inabi ke fitar da toho mai laushi, wanda shi ne amfanin shekarar gaba ɗaya. Ranar Juma'a rediyo ta ce asubar Asabar da ta Lahadi za a yi mugun sanyi, na Lahadi ya fi tsanani. Na kira Clarrie mai sayar da busasshiyar ciyawa, ya cika mota da manyan dammuna ya kawo.

"Saniya kika saya ban ji labari ba?" Ya tambaya yana dariya.

"Sauke su can bakin shinge."

Ya dubi shingen, ya dubi kafar, dariyar ta ɗauke. "Noelene, ni da babanku muka yi zamani. Ciyawa kika saya, ga ta nan na sauke a bakin hanya. Abin da ya wuce haka babu hannuna."

Ban roƙe shi ba. Na hau tsohuwar taraktar Baba da gwiwar nan tawa, na riƙa ɗaukar dami ina jerawa, na ɗora wani a kan wani har suka kai tsayin mutum biyu. Na lulluɓe su da tampol na ɗaure tamau. Kafin rana ta faɗi ko ɓera ba zai sami hanya ba.

Da gari ya waye na hau tsani na leƙa. Ta gefena ciyawa koriya shar, raɓa kawai. Ta gefen Warwick kuwa komai fari fat, layukan inabin da ke ƙasa sun nutse cikin sanyi. Da rana ta ɗago, tohon ya yi laushi, ya sunkuya, ya fara baƙi. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, irin daɗin da rabona da shi tun kafin asibiti. Na sauko na dafa shayi na sha da gurasa da man shanu.

Da hantsi sai ga shi ya zagayo ta hanya, rigar sanyi a karkace, idanu jawur.

"Kin haukace ne? Kin san abin da kika yi?"

"Ciyawata ce, a gonata. Ka kira 'yan sanda ka ji ko akwai dokar da ta hana."

"Baba zai tsine miki."

"Kai ne za ka kira sunan Baba?"

Ya yi ta huci. Sannan muryarsa ta sauko. Ya ce layukan ƙasa sun tafi, ya haƙura da su. Na sama suna nan da rai, amma in ƙofar ta kwana a toshe, sanyin gobe zai hau har can. Ya buga waya ko'ina neman injin kaɗa iska mai kore sanyi daga gona, duk an riga shi. In ya rasa na sama, babu giyar bana, kuma ba ya jin gonar za ta sake tashi.

"Yaya," in ji shi, kalmar da rabonsa da ita tun yana ɗan makaranta. "Don Allah ki buɗe."

Na ce, "Zan buɗe da hannuna. Amma mu je wurin ajiye motocinka tukuna. Ka tsaya da ƙafarka daidai inda Mama take. In ka tsaya daidai, kafin azahar babu dami ko ɗaya."

Fuskarsa ta washe, har ya riga ni yin gaba. Muka hau tudu, ni da sandata a baya. Baƙin Asabar sun riga sun cika wurin, wasu suna nuna wa juna hotunan kwandunan ceri na bara a waya, suna tambayar yaushe na bana zai nuna. Wata mata ta tare Warwick tana yaba masa kyan wuri, ya wuce ta ko kallo.

Ya tsaya a tsakiyar tsakuwar. Ya dubi dutse, ya dubi ɗakin gilashi, ya juya ya dubi shinge. Ya taka zuwa dama, ya dawo. Na ga leɓensa yana motsi, yana neman abin da zai kama, amma da kansa ya share duk wata alama. Ni kuwa ko da ido a rufe zan kai kaina wurin, domin shekara da shekaru ina zuwa kowace Lahadi. Wurin yana can gefen hagu, inda suka ajiye durom ɗin zuba kwalaben da aka shanye.

Can ya je kusa da wata farar mota ya haɗa ƙafafunsa, ya ɗago kai yana dubana kamar yaron da malami ya tayar a aji.

"Nan ne."

Na girgiza kai.

"To na yi kusa?"

Na juya zan tafi, sai ya riƙo hannun rigata. Hawaye ne a fuskarsa, a gaban baƙinsa.

"Bar zancen ciyawar, Yaya. Na ji, ki bar ta. Ki dai nuna mini inda take."

Na daɗe ina kallonsa. Na nemi tausayi a zuciyata, tsakani da Allah na nema, ban samu ba.

"Da ka so sani, da ka tambaya kafin ka kira katafila," na ce masa, na zare hannuna.

Na gangara gida a hankali saboda gwiwa. Sama ta yi garau babu ko ɗigon gajimare, iska ta kwanta. Na biya ta bakin shinge na ƙara ɗaure igiyoyin tampol ɗin.