Kilo Ashirin Tsakanina da Inna

Ni dai ban taɓa neman in rame ba, a fara sanin wannan. A gidanmu jiki abin alfahari ne, kuma nawa Inna ce ta gina shi da hannunta. Wata uku kafin a kai ni ɗakin miji ta zaunar da ni kan tabarma, safe tukuɗi, rana tukuɗi, la'asar madarar akuya. Tukuɗin Inna kuwa ba na wasa ba ne: hatsi dakakke, dabino, cuku, a dama shi da kauri har ludayi ya tsaya a ciki. In na ce na ƙoshi sai ta matsa damtsena ta ce, "Da saura." Ranar bikina mata suka yi ta shigowa kallo, ita tana tsaye bakin ƙofa tana amsa barka.

Yanzu shekarata arba'in da takwas. Sunana Ramata, ina zaune cikin tsohon garin Agadas, kuma ina da ciwo huɗu waɗanda nake iya faɗa a bainar jama'a: sukari, tansiyo wato hawan jini, gwiwa, da numfashi mai yanke mini in na hau dakali. Na biyar ɗin shi ne ba a son ji. Tun rasuwar maigidana Sule wani abu yake sauko mini, in kwana goma ban leƙa ƙofar gida ba, ko wanka sai ɗiyata Hajara ta zo daga gidan mijinta ta yi mini faɗa. Matan unguwa sun ce iska ne. Lokotoro ya ba shi wani dogon suna na Faransanci. Ni dai duhu nake ce masa.

Inna tana Iferwan, wurin ƙanena Yahaya mai butik a kasuwar can. Idonta ya tafi, kunnen ma yana bin sa. Shekara huɗu rabona da ita. Na taɓa gwada zuwa sau ɗaya, ko mararrabar Cirozerin ba mu wuce da nisa ba na some cikin motar katkat, tsakanin buhunan shinkafa da wasu mata biyu da na matse. Sai wata mota aka tare ta maido ni gari. Na ji kunya, amma ba kunyar ce ta fi cina ba. Yahaya ya ce ranar Inna ta sa an fito da ita ƙofar gida tun azahar.

Madam Kadidia, manjon asibitin unguwarmu, wato babbar ma'aikaciyar jinya, ita ce ta yanke mini hukunci. Yarinya ce a kaina, amma bakinta ba ya tauna magana.

Ta ce, "Tanti, hanyar nan yini guda ce cikin duwatsu, babu asibiti sai kun isa. Ki sauke kilo ashirin, tansiyo ta dawo ƙasa da goma sha biyar, ni da kaina zan nemo miki mota. In ba haka ba, ba da yawuna ba."

Na ce, "Kilo ashirin daga nawa?"

Nan ne aka yi cirko-cirko. Sikelin asibiti ɗari da ashirin ne iyakarsa. Na hau, allurar ta zagaya ta buga ƙarshe ta kwanta. Kadidia ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce ko ina da wanda na sani a kasuwar albasa.

Ina da shi mana, abin haushi. Mamman, ɗan kawuna, taubashina, shi ke riƙe da baskil ɗin da ake auna buhunan albasa da dankali da ke saukowa daga lambunan Ayar. Mutumin da tun muna yara bai taɓa ganina ya bar ni na wuce lafiya ba. Na kwana uku ina cewa wallahi ba zan je ba. Rana ta huɗu na je.

Yana hango ni ya ce, "A'a, yau kamyo ɗin Tabelot, babbar motar albasa, da ƙafa ya iso?"

Na ce, "Rufe mini baki, busasshen banza. Kai ko ka hau baskil ɗin nan da jakinka ba zai motsa ba."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Amma da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya kori 'yan dako ya ce su je su sha shayi. Ya jawo buhuna ya tare gefen da ke kallon hanya. Na tuɓe takalmi na hau. Ya tura ƙarfen a hankali yadda yake yi wa kaya masu tsada, ya karɓi karnen asibitina, ɗan littafin da ake rubuta mini magani, ya rubuta a bayan bango: ɗari da talatin da ɗaya. Daga ranar, kowace Asabar ta farkon wata ina can da hantsi.

Wanda bai tara ciwo ba yana tsammani ramewa rufe baki ne kawai. Ina ma. Kowane ciwo nawa da tasa dokar, kuma ba sa ga maciji da juna. Sukari ya ce ki yi tafiya. Gwiwa ta ce ki taka ki gani. Tansiyo ta hana gishiri, sukari ya hana dabino da shayi mai zaƙi, to me ya rage a Agadas? Ƙwayar duhu kuwa, wadda in na bar ta nake komawa ɗaki in rufe, ita ke sa mini wata yunwa marar kunya. Ba yunwar ciki ba ce. Sai in gama cin abinci, in wanke hannu, in ji kamar ban ci komai ba tun jiya. Na roƙi lokotoro ya canza ta, ya ce ita ce ta karɓe ni, in yi haƙuri. Haƙuri dai, kowa shi yake rubuta mini a ordinas, takardar magani.

Na fara tafiya bayan an fito sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Satin farko iyakata ƙofar maƙerin azurfa, gida na shida daga namu. In tsaya in dafa bango, in yi kamar ina gyara takalmi. Bayan wata biyu ina kaiwa gindin babban masallaci in dawo. Tuwo na koma dunƙule ɗaya, miyar ganye ba mai, kabeji da tumatir har na tsani launinsu. Shayi ba sukari, Allah na tuba, wannan ba shayi ba ne, hukunci ne.

Da jiki ya fara sauka sai unguwa ta tashi. Maƙwabciyata Sakina ta shigo ta zauna ta yi tagumi, ta ce, "Ramata, tsakaninmu, ko dai za a je a duba jininki?" Kashegari ta aiko mini da ƙwayoyin sa ƙiba cikin leda, irin na 'yan tebur. Da kyakkyawar niyya ta yi, na sani, shi ya sa ban jefa mata su ta katanga ba. A wurin biki kuwa mata suna gaishe ni da muryar ta'aziyya. Ba wadda ta ce mini sannu da ƙoƙari. A garin nan mace ba ta ramewa don tana so.

Ni kaina ban so ba. Ranar da zanena ya fara zagaye ni da saura, na zauna bakin gado na yi kuka. Gani nake ina rushe abin da Inna ta gina, don kawai in je in gan ta. Duk Juma'a Yahaya yana kara mata salula a kunne, in yi ta ɗaga murya, "Inna, ni ce, ina nan tafe." Ban taɓa gaya mata ina ramewa ba. Ina zan fara? Da farko tana amsawa, tana tambayar Hajara da jikoki. Daga baya maganar ta ragu, sai Yahaya ya karɓe ya ce kunnen ne, ko ya ce ta yi barci. Na yarda, don ina son in yarda.

Cikin wata na takwas, ina ɗari da goma sha takwas, duhu ya sauko. Ba abin da ya faru. Haka yake, ba ya sallama. Kwana goma sha tara ban fita ba. Na ci duk abin da hannuna ya kai, har garin rogo da sukari na jiƙa, ina ci ina jin haushin kaina ina ƙarawa. Da ya ɗaga na ja jiki zuwa kasuwa. Mamman ya tura ƙarfen, ya sake turawa, ya rubuta ɗari da ashirin da uku. Bai tsokane ni ba. Wallahi da ya kira ni kamyo da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Ka yi magana mana."

Ya ce, "Me zan ce? Gwaggo tana can tana jira. Ki dawo wata mai zuwa."

Na dawo. Na yi ta dawowa. Wata goma sha biyar cif kafin ya rubuta ɗari da goma sha ɗaya, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Kadidia ta auna tansiyo sau biyu, goma sha huɗu. Ta cika alkawari, ta samo mini gaban mota wurin wani direba mai hankali, ta ƙulla mini ƙwayoyi kashi-kashi, na safe daban na yamma daban.

Hanyar ba zan ce ta yi daɗi ba. Gwiwoyina sun kumbura, na yi amai sau ɗaya. Amma ban some ba. Da muka wuce mararrabar Cirozerin na juya na harare ta. Duk tsawon yinin abu ɗaya nake tsarawa a raina: zan durƙusa gabanta, abin da na shekara shida ban iya ba, in sa kaina a cinyarta. Za ta yi faɗa, na sani. Za ta ce wa ya cinye mata ɗiya. Har amsar na tanada.

Mun shiga Iferwan da la'asar sakaliya, lambuna kore shar a gindin dutse. Yahaya ya tarye ni a tasha. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Yaya, ke ce haka?" A hanya yana ta kame-kame, har muka kai ƙofar gida sannan ya ce, "Sai kin yi haƙuri da ita. Wani lokaci tana nan, wani lokaci ba ta nan. Da hannu take gane mutane yanzu."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "An kusa shekara. Na ga kina fama da naki."

Ban tsaya yi masa faɗa ba, na ajiye shi sai daga baya. Tana zaune kan tabarma a inuwar zaure, ta ƙanƙance, carbi a hannu. Na durƙusa. Gwiwar ta yi ƙara amma ta kai ƙasa. Na ce, "Inna, ni ce. Ramata ce. Na zo."

Ta ajiye carbin ta miƙo hannu biyu. Ta shafa fuskata, ta sauko wuya, ta tsaya kan ƙashin da ya fito nan. Ta kama damtsena ta matsa, fatar ta tattaru a hannunta. Ta sake matsawa. Sannan ta sake ni a hankali, ta gyara zama irin na karɓar baƙi.

Ta ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga ina?"

Na ɗaga murya. "Daga Agadas, Inna. Ramata ce, ɗiyarki."

Ta yi murmushi ta girgiza kai. "Sunanku ɗaya ke nan. Tawa tana can Agadas ɗin. Ba ta iya tafiya, jiki ya yi mata yawa." Ta faɗi haka da jin daɗi, har tana ɗaga haɓa. "In kin gan ta ba sai an gaya miki ba. Ƙofar nan sai ta karkata take shiga."

Yahaya ya sunkuyo zai yi mata bayani, na riƙe masa riga. Na ga yadda fuskarta ta yi haske, ban ga dalilin da zan ɓata mata ba. Na zauna sosai a gefenta, kafaɗata tana taɓa tata. Ta yi ta ba ni labarina: yadda na yi ƙiriniya, yadda na ƙi nono da wuri, yadda aka yi kallona ranar biki. Wasu abubuwan ni kaina na manta da su. Ina ta cewa, "Allah sarki," hawaye na zuba cikin wuyan rigata. Na yi kewarta shekara biyar daga nesa, ban san ana kewar mutum yana jingine da kai ba.

Can ta laluba ta kamo hannuna. Ta ce, "Yaushe za ki koma?"

Na ce, "Sai na kwana biyu tukuna."

Ta ce, "To in kin koma ki nemi gidan Sule, cikin tsohon gari, kowa ya sani. Ki ce da ita in ji ni, kada ta sa abin a ranta. Na san da tana iyawa da ta zo. Ki ce ban yi fushi ba." Ta matse hannun. "Za ki iya riƙe saƙon?"

Na ce, "Zan iya, Inna. Kamar ta ji."