Baƙin Fassi a Kofin Alhaji Ishiyaku

Da ƙwallo ta uku ta shiga ragar 'yan Zinyau, Amiru bai kalli fili ba. Alhaji Ishiyaku ya kalla, wanda ke zaune a ƙarƙashin rumfa, gefen teburin da aka ɗora kofin. Alhaji ya cire tabarau, ya goge da bakin babbar riga, ya yafito shi da yatsa.

"Amiru, sake gaya mini labarin Japan ɗin nan."

Alhaji dillalin hatsi ne, yana neman kansila a mazaɓar Zinyau ta ƙaramar hukumar Rano, ya sa kofi don samarin Rano su san da shi kafin zaɓe. Ya ba wa Amiru aikin shirya gasar, tare da alƙawarin ɗaukarsa sakatare in kujera ta samu. Da aka zo haɗa wasanni sai ƙungiya ɗaya ta rasa abokiyar karawa. A nan Amiru ya tuna abin da ya taɓa ji a rediyo: ƙasashen Kudancin Amurka sun gayyaci Japan gasarsu, ta tsallako teku, aka doke ta sau biyu, ta yi canjaras sau ɗaya, ta yi godiya ta koma gida. Ya ce a gayyato 'yan Fassi daga Kibiya su cike gurbin. Alhaji ya tambaya, in suka ci fa? Amiru ya ce tarihi ya nuna baƙo ba ya ci.

'Yan Fassi suka zo a bayan a-kori-kura, rabinsu babu takalmi, suka doke duk wanda aka sa musu a gaba. Yau wasan ƙarshe, kuma da mazaɓar Alhaji.

"Je ka yi musu bayani," in ji Alhaji. "Da alama labarin bai kai Kibiya ba."

An tafi hutun rabin lokaci, aka haɗa da sallar la'asar. Amiru ya sami kyaftin ɗin baƙin, Hammadu, wani dogon Bafulatani manomi, yana shafa addu'a. Ya tsuguna kusa da shi ya kwashe labarin Japan tun daga farko.

"Japan masu babur?" Hammadu ya tambaya.

"Su fa. Manyan mutane, ga kuɗi ga ilimi, amma da suka je garin wasu ba su ɗauki komai ba."

Hammadu ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi sosai, har kunnuwansa suka nuna.

"Wallahi Malam Amiru ba wanda ya gaya mana. Mun sha ruwanku, mun ci shinkafarku, ashe rashin ta ido muke ta yi. Bari in yi wa yaran magana."

Da aka dawo, golan Fassi ya jingina da turken raga yana kallon gonar dawa. Masu tsaron baya suka dare gefe biyu. Ɗan wasan gaban Zinyau, Ramalan, ya zo shi kaɗai da ƙwallo, ya ga raga a wangale, ya tsargu, ya ɗaɗa ta sama har ta faɗa rufin aji. Aka ɗauko. Ya sake zuwa, ya buga wa turke. Da Hammadu ya ga mutanen ba za su iya karɓar abin da ake miƙa musu ba, sai ya juya da kansa, ya ce wa golansa matsa, ya zura a ragarsu. Ya zo ya miƙa wa Ramalan hannu.

Ramalan bai karɓa ba. "Sadaka kuka ba mu? A gaban iyayenmu?"

Ana take ƙwallo Ramalan ya ƙwace ta, ya juya baya, ya yanke 'yan uwansa biyu da ba su gane abin da ake ciki ba, ya sheƙa ta a ragar Zinyau. 'Yan kallo suka yi tafi, sannan suka tsaya suna tambayar juna wa aka ci.

Daga nan wasa ya juye. 'Yan Fassi suka koma tsaron ragar Zinyau kada masu gida su cuci kansu, 'yan Zinyau suka tare ragar Fassi kada a sake yi musu kyauta. Gololi biyu suka haɗu a tsakiyar fili suna shawara. Alƙalin wasa Malam Manu, malamin firamare ne mai tsoron Allah, ya je ya tambayi wani ɗan Hisba da ke bakin fili ko akwai hukuncin wanda ya ci kansa da gangan. Ɗan Hisban ya ce shi an turo shi ne ya duba tsawon wanduna.

Aka tashi Fassi na da biyar, Zinyau na da biyu. Amiru ya tsaya a bayan rumfa yana tunanin komawa shagon facin yayansa.

Hammadu ya karɓi kofin, kansa a ƙasa, yana ta ba da haƙuri. Amma mutanen Kibiya da suka cika motoci suka biyo yaransu ba su san da wata kunya ba. Suka kewaye rumfar suna kiran sunan Alhaji, wani tsoho ya riƙe hannunsa yana cewa ba a taɓa yi wa Fassi irin wannan karamci ba. 'Yan Zinyau kuwa tuni suka watse, ba wanda ya yi masa sallama.

Alhaji ya daɗe yana duban taron, leɓɓansa na motsi kamar mai ƙirga ƙuri'u. Sannan ya kira Amiru, ya yi ƙasa da murya.

"Ina jin kakata ta wajen uwa daga can wajen take."

"Daga ina, ranka ya daɗe?"

"Fassi mana. Bi su ka kwana can. Ka nemi dattawa, ka ga ko akwai wanda zai tuna da ita."

"Yaya sunanta?"

Alhaji ya gyara zaman tabarau. "Fara gwada Dije."

Babu wuri a gaban a-kori-kurar, sai Amiru ya hau baya ya matsu tsakanin gola da Hammadu. Da motar ta hau hanyar Kibiya, Hammadu ya ɗora masa kofin a cinya, ya ce shi har yanzu nauyin riƙe shi yake ji.