Allurar Bawku

Tun shekara ta biyu da aurenta Nusrat take shan maganin haihuwa. Ta sha saiwa a Salaga, ta sha rubutu a Yendi, an kai ta Gambaga wata tsohuwa ta turara ta da hayaƙi har idanunta suka kumbura. A duk tsawon lokacin nan mijinta Mukaila, dillalin doya, shayi kawai yake sha.

Sai da uwarsa, Mma Zakiya, ta ce bayan sallah Nusrat ta koma gidan iyayenta ta huta, irin hutun da ba a dawowa, sannan Nusrat ta kafe sai an auna shi shi ma. Ya yarda, amma ba a Salaga ba, don mai gwajin a wurinsa yake sayen doya. Yendi suka tafi.

Likitar ta duba sakamakon gwajin maniyyin, ta ce, "Miliyan biyu."

Mukaila ya gyara hula, ya dubi matarsa. "Kin ji ko? Miliyan biyu. Ni kuwa ɗa ɗaya nake nema."

"Alhaji, daga miliyan goma sha shida ake so. Naka kuma yawancinsu ba sa motsi. Kana shan wani magani?"

"Lafiyata ƙalau."

"Akwai allurar Bawku," in ji Nusrat.

Yayan Mukaila, Jalil, mai fataucin shanu a Bawku, shi ke aiko masa da ita daga tsallaken iyaka tun Mukaila yana ango. Allurar ƙarfin maza. Nusrat ce ke ajiye ta a firij, kusa da jarkar saiwarta.

Likitar ta aje biro. "In aka ɗura wa jiki sinadarin maza daga waje, sai ya daina yin nasa, iri ya tsaya. Ka bar allurar, mu sake gwaji bayan 'yan watanni. Sau da yawa yakan dawo."

A motar komawa Mukaila ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Ba sai Mma ta ji ba. Mu ce likita ta ce mu duka mu ƙara haƙuri."

"Mu duka? Maigida, hayaƙin Gambaga mu duka muka shaƙa?"

Ya juya yana kallon gonakin doya.

Suka tarar Mma Zakiya a tsakar gida da sabuwar jarkar magani, baƙa kamar ruwan kwata. "Nusrat, zo ki sha tun da ɗuminta."

Nusrat ta wuce ɗaki, ta fito da kwalin allurar, ta aje shi gefen jarkar.

"Mma, ɗanki yana da magana. In ya kasa, ni na iya ta, kuma a gidan suna zan faɗe ta."

Mukaila ya dubi kwalin, ya dubi ƙofa, ya share gumi.

"Mma," ya ce, "laifin Yaya Jalil ne."

Nusrat ta ɗauki jarkar ta tuttule a kwata. Karon farko ke nan a gidan da laifi ya faɗa kan namiji, ko da yake sai da aka je har Bawku aka samo shi.