Gaisuwar da Aka Hana Hye-ran

Dokar ba Pyo Hye-ran ce ta ƙirƙiro ta ba. Tun tana ɗaliba a Seoul aka dasa mata ita a ka: in kin ci karo da wanda kike jinya a waje, kada ki fara gaishe shi. In ya gaishe ki, ki amsa. In ya kau da kai, ke ma ki wuce. Dalilin kuwa mai kyau ne. Aikinsu jinyar damuwa ne, ba da allura ba, sai da zama da sauraro, kuma ba kowa ke son a san yana zuwa ba. Gaisuwa ɗaya a gaban jama'a ta isa ta tona abin da aka daɗe ana rufewa.

A Seoul dokar ba ta da wuya, sai ka shekara ba ka haɗu da wanda ka sani ba. Amma ita ƙaramin gari aka turo ta, can tsakanin duwatsu, mai titi ɗaya da kasuwa ɗaya, inda in ka yi atishawa a tashar mota sai a yi maka sannu a gidan wanka.

Cikin masu zuwa wurinta akwai Baba Tak Man-bok, manomin barkono da ya haura saba'in, wanda matarsa ta rasu bara. Kowace Alhamis yana zuwa cibiyar lafiya, ya ce wa mutane gwiwa ce ke damunsa, har ɗingishi yake ƙarawa in ya kusa ƙofa. Ya kwashe watanni yana yi mata zancen tsadar taki kafin ya faɗa mata cewa har yanzu yana ajiye cokalin matar a kan tebur in zai ci abinci. Daga baya ya faɗi wadda ta fi nauyi: akwai kwalbar maganin ƙwari a rumbunsa, kuma yakan tsaya yana kallonta. Ranar sun daɗe suna magana. Suka rabu a kan zai miƙa ta ga ƙungiyar manoma, da ya dawo ya ce ya miƙa.

Sai ga ranar kasuwa. Hye-ran ta fito da kan kabeji a hannu, ta yi kiciɓis da shi zaune a benci gaban shagon taliya, shi da tsofaffin abokansa. Suka haɗa ido. Ita tana jira ya fara, yadda aka koya mata. Shi kuma yana jira ta fara, don a ina aka taɓa ganin dattijo ya fara gaida sa'ar 'yarsa? Ta wuce, ƙeyarta na zafi.

Alhamis ta zo, bai zo ba. Wadda ta biyo baya ma shiru.

Zaune ya gagare ta. Ta buga waya gidansa, matar ɗansa ta ɗauka, sai Hye-ran ta ce kuskuren lamba ne. Ta roƙi ma'aikaciyar jinya mai zagaya ƙauyuka ta biya ta wurinsa da sunan awon jini; matar ta dawo ta ce yana gona, sai dai ya rame, kuma bai ko ba ta wurin zama ba. In lokacinsa ya yi, Hye-ran takan tashi ta gyara kujerar da ba abin da ya same ta, ta leƙa taga, ta dafa shayin sha'ir ta bar shi ya huce. Ko motar asibiti ta ji ta yi jiniya sai gabanta ya faɗi. Tsoro take ji, tsoro na gaske, ga kuma haushin kanta.

Ƙarshen wata ta hau mota zuwa birni, taron ƙungiyarsu na lardi, inda kowa kan kawo matsalar da ta fi ƙarfinsa a sa baki. Ta sauya wa Baba Tak suna da sana'a, ta zayyana komai. Nan fa ɗaki ya kaure. Wani babba mai ofis a hawa na tara ya ce doka doka ce, in aka fara sassautawa gobe za a ga masu jinya suna cin abinci da marasa lafiya. Wata ta ce fushin tsohon ai ci gaba ne, a bar shi ya nuna. Wani matashin malamin jami'a idonsa har ƙyalli yake, ya ce wannan zai yi kyau a bincike, a tara labaran masu aiki a karkara a rubuta. Kowa ya yi magana mai ma'ana, ba wanda ya faɗi abin da za ta yi ranar Alhamis.

Farfesa Yeom, tsohuwar da ta horar da rabin mutanen ɗakin, ita ce ta yi tambaya ɗaya.

"Kin faɗa masa dokar tun farko?"

Ba ta faɗa ba. Ta sha yin niyya, sai nauyin baki ya kama ta. Da wane ido za ta dubi mai furfura ta ce masa in sun haɗu a hanya za ta yi kamar ba ta san shi ba?

Farfesar ta gyaɗa kai. Ta ce su suka rubuta dokar, suna zaune a birni, kuma ba wanda ya tuna cewa akwai garin da ƙarami ne ke fara gaisuwa ko ana ha maza ha mata. Za ta kai maganar gaban kwamitin horarwa, a gyara yadda ake koyar da ɗalibai. Hye-ran ta tambayi yaushe kwamitin zai zauna, aka ce sai bazara.

"Malama, shi fa ba zai jira bazara ba."

"Na sani. Gidansa dai ba za ki je ba, kuma ba za ki ware shi a gaban mutane ba. Abin da ya rage tsakanin biyun nan, ke ce a garin, ba ni ba."

Haka ta dawo, ba ta ƙaru da komai ba sai ciwon kai.

Da kasuwa ta sake ci, ta fita ba tare da ta san abin da za ta saya ba. Ta kewaya layin kifi, ta dawo, ta sake kewayawa, har mai kifin ta fara harararta. Daga nesa tana hango bencin. Yana nan, ya zabge, hularsa ta yi masa yawa. Lokacin zaɓen kansiloli ne, wani ɗan takara da farar safar hannu yana bin rumfuna yana rusuna wa kowa, har da wanda ya zo wucewa. Ba wanda ya tambaye shi a ina ya san su. Hye-ran ta tsaya tana kallonsa, bakinta a ɗan buɗe.

Sai ta nufi bencin. Ta fara daga bakin layi, ta rusuna wa tsoho na farko sosai, ta yi masa ina wuni, ta tambayi lafiya. Ta matsa ga na biyu. Tsofaffin suka dubi juna.

"Ke 'yar nan, kujerar wace unguwa kike nema?" in ji wani mai suna Bang, wanda bakinsa ba ya rufuwa.

"Ba ta kowa, Baba. Na daɗe a garinku ban gaida manya ba, shi ne na ga rashin kunyar ta isa haka."

"To ki haɗa da kwanon taliya, sai mu zaɓe ki."

Aka yi dariya. Ta iso kan Baba Tak, ta rusuna daidai yadda ta yi wa sauran, ba ƙari ba ragi, ta ce, "Ina wuni, Baba." Ya dube ta ta ƙarƙashin hula, ya amsa a ciki. Ta wuce ga na gaba, ta gaida mai shagon, ta gaida wata tsohuwa mai sayar da tafarnuwa da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Da ta fita daga kasuwar ƙugunta ciwo yake, kuma ba ta san ko abin ya yi amfani ba.

Ranar Alhamis tana tsaye a taga ta hango shi. Ya zo daf da ƙofa kafin ya tuna da ɗingishin. Ya shigo da wani ƙunshi a jarida, ya zauna, ya ɗora shi a cinya.

"Bang kika fara gaisarwa kafin ni," ya ce. "Na girme shi, in ba ki sani ba."

Ta ba shi haƙuri. Sannan ta faɗa masa dokar da dalilinta, abin da ya kamata ta faɗa tun ranar farko. Ya saurara yana murza bakin jaridar.

"Ni na ɗauka abin da na faɗa miki ne," ya ce a hankali. "Na ce to, ta ji cikina, ta daina ganina da mutunci."

Ta ce masa ba haka ba ne, ko kusa, kuma ba ta yi ƙoƙarin ƙawata maganar ba.

Ya ɗora ƙunshin a kan tebur, ya tura mata. Tun kafin ta buɗe warin ya gaya mata ko mene ne. Ashe bai taɓa kai wa ƙungiyar manoma kwalbar maganin ƙwarin ba. Duk makonnin nan tana rumbu. Ta ɗauka, ta sa a kabad ta kulle, ta dawo ta zuba masa shayi, wannan karon da zafinsa.

Ya kurɓa, ya ajiye kofin.

"Kasuwa mai zuwa da ni za ki fara." Ya ɗan yi tunani, ya girgiza kai. "A'a. Fara da Bang ɗin dai, kada ɗan banzan ya gane."