Ƙasar da Naomi Ta Ƙulla

Baba Audi na Kuyello bai taɓa yarda da abin da ya zo da sauƙi ba. Ko gaisuwa ka tsawaita masa, sai ya fara tunanin abin da ka zo nema. To, balle ranar da Andrawus, ɗan ƙanensa marigayi, ya dawo daga Kaduna da biza a fasfo, wai zai tafi Ingila aiki.

Andrawus ya karanta ilimin haɗa sinadarai a jami'a a Zariya. Ya zauna a gaban Baba ya yi masa bayani dalla-dalla. Hanya biyu ce, in ji shi: ko gwamnati ta tura ka ƙaro ilimi ka dawo ka yi mata aiki, ko wani kamfani a can ya nema maka izinin aiki. Ta biyun ya samu, wurin masu yin fenti.

"Su ba su da 'ya'ya ne a can?" in ji Baba. "Sai ɗan Kuyello?"

"Baba, ma'aikata suke nema."

"Me ka ce za ka kai musu?"

"Ba komai, aiki ne kawai."

Baba ya ce, "Uhm."

Ba a banza yake wannan hali ba. Yana saurayi, zamanin Turawa, aka zo da kwalabe aka ɗebi ƙasar gonar ubansu ta bakin rafi. Shekara ba ta zagayo ba aka shiga haƙar zinariya, su kuma aka ce su matsa. Gonar gefen daji ce ta rage, ita ke ciyar da gidan kaf. Ga shi yanzu ɗan gida ya koyi zuba abu a kwalba don a san abin da ke ciki.

Ana gab da tafiya Baba ya zaga gona, ya tarar da ɗan rami a gindin masara. Ba gafiya ba ce, saran fartanya ne, sabo fil. Daga ranar ya daina sa hannu a kwano ɗaya da Andrawus.

Ranar tafiya aka raka shi tasha a Birnin Gwari. Andrawus ya durƙusa neman albarka, ita kaɗai ta rage masa.

"Buɗe akwatin," in ji Baba.

A gaban jama'a aka zazzage riguna da littattafai. Can ƙasa sai ga ƙulli a tsumma. Baba ya kwance, jar ƙasa ta bayyana.

"Yaya, ni na tono!" in ji Naomi, uwar Andrawus. "In ya isa ya riƙa jefa kaɗan a ruwan sha, kada ruwan baƙuwar ƙasa ya kama shi. Ai kai ma haka aka yi maka da ka je ci-rani."

"An yi mini. Amma ni ba ni da kwalba."

"Baba, wallahi ban ma san tana ciki ba," in ji Andrawus.

"Ita ta tono, kai ka kai. Ni kuma in wayi gari an ce in matsa."

Ran Andrawus ya ɓaci ƙwarai. Ya karɓi kwanon sha wurin mai sayar da fura, ya juye ƙasar duka a ruwa, ya gauraya da yatsa, ya kafa kai. Har laka ya lashe. Sannan ya kife kwanon a gaban Baba.

Naomi ta fashe da kuka. "To me za ka sha in ka je can?"

Direba ya matsa ham. Andrawus ya cusa kayansa yadda suka samu, ya hau mota, ya miƙo hannu ta taga. Kowa ya juya yana kallon tsohon.

Baba ya mai da hannuwansa baya, ya sunkuyo wajen Naomi.

"An ce a can suna da na'urar ganin cikin mutum," in ji shi.

Mota ta tashi, hannun Andrawus yana waje.