Takardun da Dogo ya ɓata

A maɗaba'ar nan, Dogo ne ya fi kowa nacin a sayo na'urar daidaita launi. Shekara goma sha biyu yana tsaye gaban inji da ɗan gilashi a ido, yana murɗa ja ya hau kan shuɗi, rawaya ya hau kan ja, kafin hoto ya fito ras ya ɓata takarda ɗari huɗu. Da aka ɗora na'urar, wata 'yar kyamara, a kan injin, ita ke leƙa 'yan alamun gefen takarda ta gyara da kanta. Minti biyar, takarda talatin, an gama.

Abin da Dogo ya manta shi ne inda ɗari huɗun nan suke zuwa. Matar yayansa marigayi ce ke karɓar su, ta naɗe ta liƙa, ta yi 'yan jakunkuna ta kai wa masu shaguna. Da su take riƙe da yara uku. Ranar da ya miƙa mata talatin, ta juya su a hannu ta ce, "Ƙanina, yau injin naku azumi yake?" Ta yi dariya.

Sai ya ɓullo da dabara irin ta mai wayon banza. Kowace safiya, a aikin farko, ya kashe kyamarar, ya daidaita da hannu a hankali har takarda ta taru, sannan ya kunna.

Bayan mako uku maigidan maɗaba'a ya lura da tsibin ɓatattun takardu. Ya kira injiniyar da ta haɗa na'urar, wata siririyar mata mai ƙarancin magana. Yini biyu tana kwancewa tana ɗaurewa, gwiwoyinta duk tawada. Maigida ya tsaya a kanta gaban kowa yana zazzaga mata faɗa. "An ce ke gwana ce! Wannan kuwa ɓarnar ta fi ta da. Yau zan kira kamfaninku."

Dogo yana nan, yana goge abin da ba ya buƙatar gogewa.

Can injiniyar ta buɗe allon na'urar, inda na'urar ke rubuta duk lokacin da aka kunna ta ko aka kashe. Ta daɗe tana karantawa. Ta ɗago ta dubi Dogo, ta dubi damin takardun da ya ɗaure da igiya ya ajiye kusa da jakarsa. Shi kuwa ya san idan ya faɗi gaskiya aikinsa ya tafi.

"Ranka ya daɗe, saitin ne bai zauna ba," in ji ta. "Na gyara. Ba zai sake ba."

Bai sake ɗin ba. Kunya ta hana Dogo taɓa maɓallin, ya yi ta shirya kalmomin godiya da neman gafara, yana jiran ranar da za ta dawo duba inji.

Ƙarshen wata wani namiji ne ya zo da akwatin kayan aikinta.

"Ina waccan baiwar Allah?" Dogo ya tambaya.

"Ai an sallame ta. Maigidanku ya kai ƙara, ita kuma ta amsa laifinta ne." Mutumin ya ɗauki takarda ɗaya daga bakin inji ya ɗaga ta a haske. "Abin mamaki, aikin nata ba shi da aibu ko kaɗan."